Daga Azara Zuwa Linta

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gini bai tsaya ba. Ko daga Kurfi muka shigo gari, sai mun ga tarin bulo da yashi a bakin hanya. Wasunmu ma leburanci muke yi a hutu, amma ba duk kalmar da birkila ya jefo muke ganewa ba.

In ya ce gini ya kai linta, ana nufin an iso saman ƙofa da taga, inda ake zuba kankare da rodi don su ɗauki nauyin abin da ke bisa. Bulo kuwa akwai inci 6, akwai inci 9. A aike mu na tara mu kwaso na shida, kuɗin Baba ne suka sha ruwa. Kafinta ke kafa katakon rufi kafin a buga kwano. Kakanninmu azara suka sani, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba.

Wajen sayen fili ake yin kuka. Dillali zai ce "fuloti ɗaya ne", ya karɓi la'adarsa. Mu tambaya: ƙafa nawa a nawa? Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu daban take da takardar shaidar mallaka, wadda dokar filaye ta 1978 ta ɗora wa gwamna bayarwa. A gida kuwa, mu 'yan makaranta ake miƙa wa takardun a ce, "Karanta mana."