Idan Littafin Dillali Ya Ɓace

Masu karatu za su tuna wahalar da aka sha a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya da ke Abuja ya canja takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma ga aikawa ta waya. A kasuwar Wuse sai ka tarar da mai saye da mai sayarwa sun yi cirko-cirko: an cire kuɗi daga asusun wannan, ba su shiga na wancan ba. Cunkoso ne ya jawo yawancin wannan. Amma akwai wata cutar da ta fi cunkoso muni, ita nake so mu duba yau.

Manyan ma'aikatu ba a kwamfuta guda suke ajiye lissafinsu ba, a kan rarraba shi ne ga injuna da dama. To, idan ciniki ɗaya ya shafi injuna biyu, dole a sami mai shiga tsakani, watau dillali. Shi ne zai tambayi kowane inji ko ya shirya. In duk sun amsa, sai ya rubuta hukunci a littafinsa tukuna, sa'an nan ya ce a zartar. Wani masani Ba'amurke, Jim Gray, ya bayyana wannan tsari tun 1978.

Ga inda gizo ke saƙa. Injin da ya ce ya shirya ya riga ya ɗaure kansa, ba shi da ikon zartarwa ko sokewa sai da umurni. In dillali ya faɗi ya tashi da littafinsa, da sauƙi, zai karanta ya ci gaba. In kuwa littafin ne ya lalace, asusun da abin ya shafa sai su zauna a kulle, kuɗin mutane na reto.

A nan ne ma'aikacin da shugabanni ke yi wa tsawa ta waya yakan so ya soke kome don layi ya buɗe. Lalle wannan ganganci ne. Mai yiwuwa wani inji ya riga ya sami umurnin zartarwa kafin faɗuwar, in aka soke a sauran, lissafi ya rabu biyu ke nan, kuma ba lalle a gane ba sai bayan makonni. Abin da ya dace shi ne a tsai da sababbin ciniki, a kwafi kome yadda yake, a bi littafin kowane inji lamba bayan lamba. Inda ɗaya ya zartar, sauran su bi shi. Inda aka tabbata babu wanda ya zartar, a soke duka.

Rigakafin ma sananne ne: a riƙa rubuta littafin dillali a injuna uku ko biyar, kada hukunci ya tabbata sai mafi yawansu sun rubuta. A cikin Yuni 2020 Babban Banki ya ba bankuna awa 72 su warware cinikin POS da ya maƙale. Madalla da wannan, amma wa'adi ba ya mai do littafin da ya ɓace. Ina roƙon masu binciken bankuna, duk bankin da suka shiga su tambaya ina yake ajiye kwafin wannan littafi, kuma wace rana ya gwada tayar da injunansa daga kwafin.