WA ZAI BIYA KUNUN YARAN RABIN AJI?

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da yake ƙarami a ido, amma yana kawo gunaguni a ƙauyukanmu da yawa. Ekklesiyoyi da dama sun buɗe ajin ƙananan yara, wanda muke kira rabin aji, domin 'yan shekara 3 zuwa 5. Yaro mai wannan shekaru ba ya iya zama daga ƙarfe 8 har azahar ba tare da ya sa wani abu a baki ba. To, wa zai biya kuɗin abin taɓawar nan, da gero da mai da gishiri da itacen dafa shi? Ra'ayinmu shi ne, ƙungiyar manoma ta ɗauki wannan kaya a kanta, ta tara shi da kaka, da hatsi maimakon kuɗi. Ga dalilanmu.

Mu fara da nauyin matsalar. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 57. Binciken 2023 zuwa 2024 kuwa ya sami 40 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya. Gaskiya ne yawancin wannan ɓarna tana faruwa tun yaro yana ciki har ya cika shekara 2, kuma kofin kunu a shekara 4 ba zai mayar da abin da ya wuce ba. Amma yaron da ya zo da yunwa ba ya jin malama, sai gyangyaɗi da kuka. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Yanzu mu duba hanyoyin da ake bi.

Ta farko, a ba kowane yaro kuɗin tara ko ya zo da nasa. Nan take aji yakan rabu biyu. Ɗan mai shago ya buɗe biskit da lemon kwalba, ɗan gwauruwa yana kallo. Yaro ɗan shekara 4 bai san ma'anar talauci ba, amma ya san kunya, kuma ba da daɗewa ba sai ya ƙi zuwa. Ban da haka, kuɗin tara yakan ƙare a kan alawa da cingam, abin da ke ɓata haƙori ba ya gina jiki.

Ta biyu, a yanka wa iyaye kuɗin abinci kowane zango. Wannan ya dace da ma'aikaci mai albashi, bai dace da manomi ba. Zangon farko yana farawa a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shiga ba. Zango na uku yana faɗawa tsakanin Afrilu da Yuli, daidai lokacin sayen taki da iri da biyan 'yan ƙodago. Kuma kuɗi yana narkewa a hannu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Kuɗin da aka yanka a farkon shekara domin mudu goma, kafin ƙarshenta bai saya bakwai ba. Mudun gero kuwa, in an adana shi da kyau, mudu ne har gobe.

Ta uku, ita ce wadda ba a faɗa a taro: malama ta riƙa cikawa daga aljihunta. Ita ce take ganin idon yaran, don haka ita ce ba ta iya jurewa. Sau da yawa ɗan abin da ake ba ta bai kai albashi ba, kuma yakan yi jinkiri. Wannan ba adalci ba ne. In mun yi shiru muna cewa tana yi domin Allah, to mun ɗora wa mutum ɗaya kayan gari. Ƙarshenta ta gaji ta bar aikin, ajin ya mutu.

Ta huɗu, a jira gwamnati. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan makaranta a kan Naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka ƙara zuwa Naira 100. Amma an tsara shi ne domin 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati. Rabin ajin ekklesiya ba ya ciki. A watan Janairu na 2024 kuma aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Abin da sanarwa guda za ta iya tsayarwa, ba za mu jingina cikin 'ya'yanmu a kansa ba.

To, mene ne namu? Mu manoma ne. Abin da ya fi dacewa da cikin yaro yana gonakinmu. Akwai garin kunu da ake kira Tom Brown, wanda ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, ta yi amfani da shi wajen ciyar da yara masu rama a Borno da Yobe. Haɗinsa ba wuya: mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, sa'an nan a haɗa a niƙa. Hatsi yana ba da ƙarfi, waken suya yana gina jiki, gyaɗa tana kawo mai.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce aji yana da yara 40, kowane yaro giram 50 na gari a rana. Kilo 2 ke nan kullum. In kwanakin makaranta sun kai 180 a shekara, ana bukatar kilo 360: hatsi kilo 216, waken suya kilo 108, gyaɗa kilo 36. A ƙara saboda abin da tsinta da suya za su rage, sai mu ce buhu biyu da rabi na hatsi, buhu ɗaya da kwata na waken suya, da rabin buhu na ɓararriyar gyaɗa, in buhu mai kilo 100 ne. In ƙungiya tana da mutum 30, kowa zai kawo hatsi kilo 8 da 'yan kai, da waken suya kamar kilo 4, da gyaɗa ƙasa da kilo 2. A shekara guda fa! Wane manomi ne a cikinmu zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ran da ya gama sussuka?

Amma hatsi kaɗai ba ya zama kunu. Akwai kuɗin niƙa, da sukari kaɗan, da gishiri, da manja, da itace, da sabulun wanke hannu da kofuna. Akwai kuma ladan mai dafawa. Kada mu ce zumuntar mata za su yi kyauta har abada, domin su ma suna da gona da gida. Domin waɗannan muna ba da shawara ƙungiya ta keɓe ɗan fili, a nome shi da gayya, a ajiye amfanin har damina sa'ad da farashi ya tashi, a sayar, kuɗin ya shiga asusu na dabam. Iyayen da ba su noma, kamar malamai da masu ɗinki, su kawo nasu da kuɗi daidai da farashin kasuwar makon nan. A gefen filin a shuka zogale da dankalin Hausa mai jan ciki, wanda ke da bitamin A mai taimakon ido, domin a riƙa sauya wa yara baki.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, ni ba ni da ɗa a ajin, don me zan ba da hatsina? Muna tambayarsa, gadar da aka gyara da gayya, kullum yake bi ta kanta? Bana ɗan maƙwabcinka ne, baɗi jikanka ne. Ɗa na kowa ne.

Wani kuma zai ce, ciyar da yaro hakkin uba ne, za mu koya wa mutane lalaci. Akwai gaskiya a nan. Kofin kunu ɗaya ƙari ne a kan abincin gida, kada uwa ta daina ba yaro karin kumallo tana cewa zai sha a makaranta. Kuma wanda yake da hali ya ƙi kawowa, dattawa su je su same shi a gida. Amma horon uba kada ya sauka a kan ɗa. Ba za a kori yaro daga layi ba, ba za a kira sunan mai bashi a gaban yara ba. Gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya kora daga gonakinsu, a cika nasu daga baikon godiyar kaka. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da ke cikin ajin su ma kofinsu ɗaya da na kowa, kuma a gayyaci iyayensu su ga abin da ake dafawa.

Na uku shi ne mai wuya: hatsin zai ɓace a hannun mutane. Wannan tsoro ne ya kashe ayyuka masu kyau da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Saboda haka a sa kwaɗo biyu a ɗakin ajiya, makulli ɗaya wurin ma'ajin ƙungiya, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata. A rubuta kowane mudu da ya shiga da wanda ya fita, a karanta a taron wata. Malama kada ta riƙe kuɗi ko makulli, domin a tsare mata mutuncinta.

Sai kulawa da lafiya. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin da ake kira afalatoksin, wanda ke lalata hanta yana hana yaro girma, kuma suya ba ta kawar da shi. Kada kowa ya kawo wa yara ragowar da kasuwa ta ƙi. A busar da hatsi sosai, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, ba tare da maganin ƙwari ba. A niƙa na mako biyu kawai a lokaci guda. Kada a ba ƙananan yara gyaɗa ɗai-ɗai, tana iya shaƙe su. In akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, uwarsa ta faɗa tun farko.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana a taronta kafin girbi. Ku ƙirga yaranku, ku auna mudunku da sikeli domin mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ku yanka rabon kowa, ku zaɓi masu makulli. In an bari har hatsi ya tafi kasuwa, zai yi wuyar dawowa. Allah ya ba mu damina mai albarka.