A fara darasin sinadarai daga kanwa

Babu gidan da ake dama kunun kanwa a Daura da bai san ta ba, amma ɗalibi kan kammala sakandare bai gane cewa Na₂CO₃ da yake haddacewa yana cikinta ba. Laifin na tsarin koyarwa ne, wanda ya fifita hadda a kan fahimta.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ana fara ambaton ayon mai cajin ƙari, mai cajin ragi ya biyo baya, sannan a daidaita su har jimilla ta zama sifili. Sodiyam na da ƙari 1, kuloraid na da ragi 1, shi ya sa gishiri ya zama NaCl. Kabonet kuwa ragi 2 gare shi, dole sai sodiyam biyu sun tare shi.

A Turancin kasuwa ana kiran kanwa "potash", alhali sodiyam ne ya rinjaya a cikinta, ba fotasiyam ba. Wanda ya iya karanta fomula ba zai ruɗe ba.

Kiredit a kemistiri sharaɗi ne ga mai neman karatun likita ko injiniya. Ya kamata malaman masarautar su shiga aji da kanwa da gishiri a hannu kafin su buɗe littafi.