A Auna Fadama Kafin A Yanke Mata Hukunci

 Ga wata mas'ala da ta dami ƙasarmu, watau mutuwar fadamu. Ko'ina aka zauna, daga Haɗeja zuwa Nguru, daga gulbin Rima zuwa gulbin Maraɗi, zancen ɗaya ne. Manomi ya ce shanu sun kashe fadama. Makiyayi ya ce garma da injin ban ruwa suka cinye ta. Kowa yana rantsuwa, amma ba wanda ya zo da awo. Ra'ayina shi ne, muddin ba a auna ƙasar nan ba, duk hukuncin da aka yanke a kanta zato ne, zato kuwa ba ya kashe husuma, sau da yawa ma shi ke kai mutane ga zub da jini.

Ku 'yan kasuwa, ba mai karɓar gero a cikinku sai da mudu. Ku malamai, kun san alƙali ba ya hukunci sai da shaida. To, ina dalilin da za a bar fadama, wadda shinkafarmu da albasa da kifi da nono ke fitowa daga gare ta, ana yi mata hukunci da jita-jita?

Sai mu fara sanin abin da ake aunawa. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƙofofi ne ƙanana, inda ruwa da iska ke zama, saiwa kuma ke bi. Idan garke ya shiga fadama tun tana da danshi, kofato yana danne ƙofofin nan, laka ta dunƙule, bayan ta bushe ta zama kamar daɓe. Sa'an nan ruwan sama ya kasa shiga, ya bi ta kai yana kwasar ƙasa, ya tona kwazazzabo. Kwazazzabon kuwa shi ke tsotse danshin fadama, ruwan ƙarƙashi ya yi nisa. Idan kuma aka cinye ciyawa har tushe kowace shekara, masu daɗewa irin su burugu da jema su ƙare, tafasa da tumfafiya su gaje wurin. Kowanne daga cikin waɗannan yana aunuwa, kuma da kayan da ke akwai a kowace kasuwa.

Na farko, awon shan ruwa. A sami gwangwani a fasa gindinsa, a kafa shi cikin ƙasa misalin yatsa uku, a guje wa tsagar laka. A zuba ruwa kofi ɗaya, a duba agogo har ya shanye. A sake zuba na biyu, shi ne abin rubutawa, domin na farko jiƙa ƙasa ya yi. A yi haka wuri goma, kada a dogara ga wuri guda.

Na biyu, awon nauyi. A buga gwangwanin da aka san cikinsa har ya cika da ƙasa, a tono shi, a shafe bakinsa, a shanya ƙasar har ta bushe ƙamas, a ɗora a sikeli. Masana aikin gona sun daidaita a kan cewa ƙasar laka mai lafiya, lita ɗaya ba ta cika wuce kilo ɗaya da ɗan ɗori ba. Idan ta kai wajen kilo ɗaya da rabi, saiwa tana shan wuya kafin ta ratsa.

Na uku, awon tsiraicin ƙasa. Mutum ya miƙe ya yi taku ɗari, kowane taku ya dubi abin da ke bakin babban yatsansa, ko ciyawa, ko busasshen ganye, ko ƙasa tsirara. Ya riƙa jefa tsakuwa a aljihu duk inda ya taras da tsirara, ya kuma faɗi sunan ciyawar da ya taka. A ƙarshe a ƙidaya tsakuwa.

Na huɗu, zurfin ruwa. A zura igiya mai ƙulli a rijiyar fadama a wata guda sananne kowace shekara, a rubuta kamu nawa aka samu.

Sa'an nan ga lissafin da ɗan kasuwa zai gane nan take. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kimanin kilo 6 da kwata kowace rana. Shanu ɗari ke nan kilo 625 a yini, a wata shida na rani kuwa kilo 112,500. A yanki ciyawar fili mai taku ɗaya tsawo da faɗi a wurare dabam-dabam, a shanya, a auna, a buga da faɗin fadamar, a cire rabi a bar wa ƙasa sutura. Abin da ya saura shi ne jarin da ake iya ci. Wanda ya ci riba ya haɗa da uwar kuɗi, kowa ya san makomarsa a kasuwa.

Amma fa akwai sharaɗi, in babu shi awon ya zama zalunci. Lalle ne a killace wani ɗan fili a tsakiyar fadamar da ƙaya ko waya, misalin taku goma kowace kusurwa, kada dabba ta shiga, kada a nome shi. Duk awon da aka yi a waje a yi irinsa a ciki. Idan bayan shekara biyu ko uku cikin shinge ya farfaɗo, waje ya ci gaba da lalacewa, to, kiwo ne ya yi yawa. Idan kuwa ciki da waje duka suka bushe tare, a nemi mai laifi wani wuri.

Wannan sharaɗi yana da dalili. Fadamar Haɗeja da Nguru ta ga abubuwa da yawa waɗanda ba kofato ya kawo su ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar kowace shekara ta ragu ƙwarai. An yi farin 1973 da na 1984. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya ƙafe. Tun farkon shekarun 1990 kuma shirin raya fadama ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injuna, noman rani ya faɗaɗa, aka nome burtali da mashaya a wurare da yawa. Shanun da dā suke warwatse suka taru a ɗan abin da ya rage. Wanda ya auna wannan ragowar ya tarar da ita a daddanne, sa'an nan ya ce laifin Bafillace ne shi kaɗai, bai yi adalci ba.

Na san wani zai ce dattawa sun san fadama da ido, ba su bukatar gwangwani. Gaskiya ne sun sani, kuma su ne za su nuna inda ya kamata a auna da sunan kowace ciyawa. Sai dai ido yana bin son rai ran da aka yi faɗa, kuma abin da tsoho ya sani yana tafiya kabari tare da shi. Abin da aka rubuta yana nan, jika ya karanta. Wani kuma zai ji tsoron kada awon ya zama sandar korar makiyaya. Maganin wannan shi ne kada a auna sai Arɗo yana tsaye, Sarkin Noma yana tsaye, kowa ya ga agogo da sikeli da idonsa. Sau da yawa ma abin da awo zai nuna shi ne a jinkirta shigar garke har ƙasa ta tsane, domin ɓarnar kofato a jiƙaƙƙiyar laka ta fi ta busasshiya nesa ba kusa ba.

Tsara kiwon fadama ba baƙon abu ba ne a ƙasashen nan. Shehu Ahmadu na Masina, wanda ya kafa daularsa a 1818, ya tsara makiyayar burugu ta kogin Kwara, aka san jauron da ke riƙe da kowane yanki, da lokacin shiga, da garken da ke gaba da wanda ke biye. Tsarin ya daɗe bayan Hamdallahi ta faɗi a 1862. Mu ma muna da hurumi da burtali tun kaka da kakanni, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Abin da muka rasa shi ne ma'aunin da zai gaya mana ko hurumin yana raye ko yana mutuwa.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi, kowace fadama a buɗe mata littafi. A yi awo sau biyu a shekara, bayan janyewar ruwa da kuma ƙarshen bazara. Malamin gona ya kawo sikeli, malamin gari ya rubuta, ko da ajami ne, shaidu su sa hannu, a karanta a bainar jama'a ran kasuwa. Dillalan shanu na Maigatari da Potiskum da masu fataucin shinkafa da albasa su ɗauki kuɗin waya da sikeli, gama ramammiyar saniya da busasshiyar gona asararsu ce tun kafin ta zama ta kowa. In an yi haka shekara biyar a jere, ran da aka kawo ƙara gaban alƙali zai sami abin dubawa.