Ƙwace Waya Ba Ya Koya wa Yaro Insha'i

Duk lokacin da sakamakon WAEC ya fito 'ya'yanmu suka faɗi Turanci, magana ɗaya ake yi a majalisa bayan La'asar: wai waya ce ta lalata su, a ƙwace. To, an ƙwace a gidaje da yawa. Yaron ya iya rubutu?

Mu duba abin da ake nema a wurinsa. A jarrabawar Turanci ana ba ɗalibi batu ya rubuta insha'i na kalma 450 ko kusa da haka: wasiƙa, ko muhawara, ko labari. Maki 50 ne, kuma kaso mafi tsoka yana kan yadda ya sarrafa harshe da kansa. Babu kiredit a Turanci, babu jami'a. JAMB kuwa tun 2015 a kan kwamfuta ake zana ta. Wato mun hana yaro taɓa abin da za a jarraba shi a kai, sannan muna jira ya ci. Haba jama'a!

Kuma mu faɗi gaskiya, ɓarnar da kuɗinmu ake yinta. Malami ya ba da aikin gida, yaro ya karɓi kuɗi a hannun uwa ya tafi shagon kwamfuta, a sauko masa da rubutun wani, ko a sa ChatGPT ta tsara, a buga, ya kai. Ko karantawa bai yi ba. Malami ya sa hannu, uba ya ga takarda fes ya ce madalla. Ranar jarrabawa daga shi sai biro. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan: algus ne, kamar a jera goro mai kyau a bakin huhu, ruɓaɓɓe a ƙasa.

Abin takaici, maganin yana hannunmu tun tuni. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi sai an tambayi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Imamu Buhari ƙasashe ya keta saboda wannan tambayar. Ita ce dai za a koya wa yaro a kan intanet. Ya nemo batu a wuri biyu ko uku, ya duba wa ya rubuta da yaushe, ya gane cewa saƙon WhatsApp da aka tura sau dubu ba hujja ba ne. Sai ya kife wayar, ya ɗauki biro ya rubuta da nasa kalmomin, malami ya gyara da jan biro, ya sake. Sakewar nan ita ce karatun.

Ga ma misali a ƙofar gida. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan cinikin goro da shanu na iyayenmu, aka buga a 1969. Yaro nawa a unguwar nan ya san da haka? A ce ya yi rubutu kan unguwarsu, ya binciko wannan a waya, sannan ya je ya gwada da abin da kakansa zai gaya masa. Yaron da ke jin Hausa a gida, Yarabanci a titi, Larabci a Islamiyya, ba abin faɗa ya rasa ba.

Masu cewa akwai fitina a intanet, gaskiyarsu. A kasuwa ma akwai, amma ba mu hana yaro zuwa ba, mukan zaunar da shi kusa da mu har ya san mutane.

Azuzuwan Islamiyyarmu a rufe suke Alhamis da Juma'a. Muna da samari da 'yan mata da suka gama jami'a suna zaune. Kwamitin masallaci da ƙungiyar 'yan canji su haɗa kuɗin data da ɗan alawus, awa biyu a mako, 'yan mata da malama mace, a fara da 'yan aji shida tun kafin a buɗe rajistar bana.