Ganye Mataimaki Ne, Amma Kada Mu Bar Rigakafin Kaji

'Yan'uwa manoma, kowace shekara da hunturu ya kama, kuka ɗaya muke ji daga Funtua har Malumfashi, Bakori da Ƙafur: ciwo ya shiga akurki. Kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, kafin mako gida ya zama wayam. Wannan shi ne ciwon da likitocin dabbobi suke kira Niyukasul. Yana zuwa daidai lokacin da muke sa ran sayar da kaji domin Kirsimeti da kuɗin makarantar yara.

Da ciwon ya zo sai mu jiƙa ɓawon maɗaci ko barkono a ruwan sha. Ba mu raina sanin iyayenmu ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: kazar da wannan ciwo ya kama, babu maganin da zai kashe ƙwayar cutar a jikinta, na gida ko na kanti.

To, ina amfanin tsiro? Yauƙin da muke gani a kuɓewa, da miyar kuka, da ƙaro, da ganyen alobera, wani irin sukari ne mai dogon zare wanda masana suke kira folisakarayid. Kaza ba ta iya narkar da yawancinsa. Yana wucewa har ƙarshen hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani suke cinsa su yawaita, su matse wa masu cutarwa wuri, bangon hanji kuma ya yi ƙarfi. Wani irinsa yana zaburar da sojojin jini su tashi tsaye. A ƙasar Sin, masu bincike sun gwada irin wannan sukari daga saiwar wani tsiro mai suna astragalus, suka ga kajin da aka ba shi tare da rigakafin Niyukasul sun fi samun kariya a jini. A Amurka ma an ga haka da na alobera.

Mu lura da kyau, an ce tare da rigakafi. Taki yana ƙara wa dawa ƙarfi, amma wanda bai shuka ba, me takin zai yi masa?

Akwai kuma iyaka. Yauƙi in ya yi yawa a abinci yana hana narkewa, kashin kaji ya jiƙe, tsaki su ƙi girma. Abin da aka tace aka auna a ɗakin bincike ba ɗaya yake da abin da muka daka a turmi ba.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafin Niyukasul mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi a idon kaza. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta kwana. Saboda haka mu haɗa kuɗi, mu sa rana ɗaya, mu nemi malamin dabbobi ya koya wa mutum biyu daga cikinmu. A yi kafin hunturu, a riƙa maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4. Sa'an nan mu shanya zogale a inuwa, mu barbaɗa kaɗan cikin dusa, mu ba da ruwa mai tsabta. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2.

Mu sa wannan magana a taronmu na gaba, tun iska ba ta juya ba.