Wane Mai Gadi Za Ka Ɗauka Wa Kwamfutarka?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni fili kamar yadda ka saba, in amsa tambayar da wani malamin makaranta ya aiko mini a kan manhajar nan da ake sa wa kwamfuta don ta tsare ta daga ƙwayar cuta. Ya ce albashinsa ba zai ɗauki ta saye ba, wacce zai zaɓa cikin na kyauta?

Malam, kafin in amsa bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Ran nan na ɗauki filashina na kai wani shago a buga mini takardu. Da na komo gida na soka shi a kwamfuta, sai na ga duk jakunkunan da ke ciki sun rikiɗe sun zama 'yan alamu masu kibiya. Maimakon in dakata, sai na danna ɗaya. Ashe ƙofa na buɗe wa ɓarawo da hannuna. Lissafin kuɗin gayyar unguwarmu na shekara biyu yana ciki, na kwana uku ban yi barcin kirki ba kafin wani yaro masani ya fito mini da shi. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu na fari da ya kamata kowa ya sani shi ne, watakila kana da mai gadi a gida ba ka sani ba. Duk kwamfutar da ke aiki da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da Microsoft Defender a cikinta, ba a biyan ko kwabo. Da can mutane sun raina shi, amma ya gyaru ƙwarai. Akwai ma'aikatu biyu da aikinsu shi ne jarraba irin waɗannan manhajoji, watau AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, su kan buga sakamako kowa ya gani. A jarrabawarsu ta shekarun nan Defender yana cikin masu samun maki mai kyau. Ga mutumin da aikinsa rubuta wasiƙa ne da lissafi da duba labarai, wannan ya ishe shi, muddin yana barinsa ya karɓi sabon bayani daga intanet. Gama mai gadin da bai san fuskar sababbin ɓarayi ba, gadinsa na barci ne.

Wanda ya ke son wani dabam, akwai Avast da AVG da Avira da Bitdefender, duk suna da na kyauta, suna kuwa kama ƙwayar cuta sosai. Amma jama'a, a lura. Sunaye uku na farkon nan gida ɗaya ne yanzu: Avast ya sayi AVG a 2016, sa'an nan tun 2022 su da Avira duk suna ƙarƙashin kamfani guda, Gen Digital. Saboda haka wanda ya bar wannan ya koma wancan bai yi nisa ba.

Kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ba ya ciyad da ma'aikatansa da godiya. Waɗansu su kan dame ka da talla, kullum su ce kwamfutarka tana cikin hatsari sai ka sayi babbar manhajarsu. Waɗansu abin ya wuce nan. A 2020 aka tona cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayad da bayanin wuraren da mutane ke shiga a intanet. Aka rufe reshen a shekaran nan, a 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin ya biya dala miliyan 16.5. Don haka in kana sa kowace iri ce, kada ka yi ta danna "na yarda" ido rufe. Karanta, ka cire alamar duk abin da ba ka nema ba.

Ga sharuɗɗa huɗu da na ke bi tun daga ranar da na sha wuya.

Na ɗaya, mai gadi guda ya isa. In ka sa biyu masu tsaro dare da rana, sai su yi ta kama juna, kwamfuta ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa kaya biyu. Shi ya sa Defender ya kan ja da baya da kansa in ka sa wani. In kana son mai duba maka sau ɗaya a wata, Malwarebytes na kyauta ya dace da wannan aiki.

Na biyu, ka ɗauko manhaja daga gidan masu ita kaɗai. Wadda aka fasa aka ba ka a kasuwa, ko wadda ta faɗo maka a fuska tana ihu wai an sami cuta ɗari a kwamfutarka, sau da yawa ita ce cutar. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na uku, kada ka hana Windows sabunta kansa don tsimin data. A watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka mai da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fid da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira. A nan sai in ja kunnen masu Windows 7: an daina kula da shi tun Janairu 2020, Windows 10 ma kulawarsa ta kullum ta ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. Gidan da katangarsa ta zube, mai gadi ɗaya ba ya iya tare shi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ka kwafe muhimman takardunka a wani wuri dabam, ka zare shi ka ajiye a akwati. Kowane filashi kuwa da ya kwana a waje, a bincike shi kafin a buɗe.

To Malam, ga amsarka a taƙaice: in kwamfutarka Windows 11 ce, riƙe Defender, ka bar shi a kunne, kuɗinka kuwa ka saya wa yara littattafai. Riga-kafi ya fi magani. Wanda ya ga na yi kuskure cikin masu karatu, ya rubuto, fili na kowa ne.

Wassalam.

Ni ne naka,
Akawu